Labarin Zuciya a Tambayi Fuska? Nazari a Kan Na'urorin Karanta Motsin Rai a Harkar Talla

Gabatarwa

Wata da'awa ta yi ƙarfi a tsakanin masana harkar talla da kamfanonin fasaha a 'yan shekarun nan. Cewa suke yi abin da mai saye ke faɗa da baki ba abin dogaro ba ne, amma fuskarsa ba ta ƙarya, saboda haka in aka kafa masa kyamara aka haɗa ta da ƙirƙirarriyar basira, za a san abin da ke ransa game da haja fiye da yadda shi kansa ya sani. Bahaushe ba zai yi wa wannan magana kallon baƙuwa ba, domin tun kaka da kakanni yake cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Hujjar wannan maƙala ita ce karin maganar tana da sharaɗi, wato mai tambayar fuskar ya san mai ita, ya kuma san halin da ake ciki. In aka miƙa ta ga na'urar da ba ta san ko ɗaya daga cikin biyun ba, sharaɗin ya faɗi.

Tarihin fagen sananne ne. Ra'ayin cewa 'yan Adam duka suna bayyana motsin rai iri ɗaya a fuska ya faro daga Darwin (1872), Ekman da Friesen (1971) suka ƙarfafa shi da rukunai shida: farin ciki, baƙin ciki, fushi, tsoro, mamaki da ƙyama. Picard (1997) ta shigo da batun cikin ilimin kwamfuta, sannan ita da Rana el Kaliouby suka kafa kamfanin Affectiva a 2009, wanda ya yi fice wajen auna yadda masu kallo ke karɓar talla. Cewa motsin rai yana da hannu a shawarar saye, wannan ba wurin jayayya ba ne (Damasio, 1994, Binet da Field, 2013). Wurin jayayya shi ne ko kyamara na iya gano shi.

Abin da Na'ura Ke Aunawa

Aikin na'urar hawa biyu ne, kuma masu tallata ta sukan cakuɗa su. A hawa na farko tana gano motsin tsokar fuska: gira ta ɗaga, gefen leɓe ya ja sama, goshi ya tattare. A nan ta ƙware ƙwarai. A hawa na biyu sai ta yanke hukunci cewa wannan motsi alama ce ta farin ciki ko fushi. Wannan hukunci fassara ce, kuma ingancinta ya dogara ne ga ko akwai tabbatacciyar alaƙa tsakanin motsin fuska da abin da ke zuci.

Barrett da abokan aikinta huɗu (2019) sun bi diddigin bincike fiye da 1,000 don amsa wannan tambaya. Abin da ya ƙara wa aikin nauyi shi ne marubutan biyar ba daga mazhaba ɗaya suka fito ba, amma suka haɗu a kan matsaya guda: alaƙar tana nan, sai dai ta yi raunin da ba za a gina hukunci a kanta ba. Alal misali, masu fushi sukan ɗaure fuska ne a wajen kashi 30 cikin 100 na lokuta. A sauran lokutan wani ya yi shiru, wani ya yi kuka, wani ma ya yi murmushi. Haka kuma ba duk ɗaure fuska ne fushi ba, domin mai lissafin kuɗi a ka, da wanda rana ta kashe wa ido, duk sukan tattare goshi. Binciken da aka yi a wajen ƙasashen Yamma ya ƙara raunana da'awar. Mutanen Himba na Namibiya da aka ba su hotuna su rarraba ba su kasa su gida shida irin na Ekman ba (Gendron da wasu, 2014), mutanen tsibiran Trobriand kuwa fuskar da Bature ke kira ta tsoro, barazana suka gani a cikinta (Crivelli da wasu, 2016). Rhue (2018) kuma ta gwada manhajoji biyu a kan hotunan 'yan wasan ƙwallon kwando na Amurka, ta tarar suna yawan jingina fushi ko raini ga baƙaƙen fata fiye da farare, ko da murmushinsu ya yi daidai.

Hujjar Cowen da Amsarta

Ba adalci ba ne a tsaya a nan, domin ɓangaren da nake jayayya da shi yana da hujja mai ƙarfi, wadda ta fi fitowa fili a aikin Alan Cowen da Dacher Keltner da abokansu a mujallar Nature (2021). Sun yarda cewa rukunai shida sun yi kaɗan, suka faɗaɗa su zuwa yanayin fuska 16. Sannan suka bar tsohuwar hanyar nuna wa mutane hotunan 'yan wasan kwaikwayo, suka sa na'ura ta bi bidiyo miliyan 6 na YouTube daga ƙasashe 144. Sakamakon da suka bayar shi ne irin fuskar da ake gani a wurin biki, ko wasan motsa jiki, ko kallon wasan wuta, tana maimaituwa a sassan duniya da kamanci na kusan kashi 70 cikin 100. Mai talla da ya karanta wannan zai iya cewa magana ta ƙare: in fuska tana tafiya da yanayi iri ɗaya daga Kano zuwa Tokiyo, me zai hana a karanta ta a shago?

A ganina abubuwa uku ne suka hana. Na farko, na'urar da ta yi wannan aiki ta koyi sanya wa fuska suna ne daga hukuncin masu tantancewa, waɗanda masu jin Ingilishi ne a ƙasar Indiya. Ke nan ido guda aka ɗauka aka zagaya duniya da shi. In mutum ya auna hatsin kasuwanni goma da mudu ɗaya, zai sami lissafi mai tsari, amma hakan bai nuna cewa mudun kowace kasuwa ke nan ba. Abin da binciken ya tabbatar, in an tsananta, shi ne motsin fuska masu kama da juna suna bayyana a wurare masu kama da juna. Bai tambayi masu fuskokin abin da suka ji ba, bai kuma tambayi mutanen garinsu yadda suke fassara abin da suka gani ba.

Na biyu, bidiyon da aka ɗora a intanet zaɓaɓɓe ne. Yawancin waɗanda ke ciki sun san ana ɗaukarsu, kuma wanda ya ɗora ya zaɓi abin da yake so a gani. Murmushin da aka yi wa kyamara a wurin ɗaurin aure yana nuna abin da al'ada ta ɗora wa mahalarci, wataƙila fiye da yadda yake nuna abin da ke ransa.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci ga batunmu, akwai tazara tsakanin abin da ya tabbata a kan miliyoyi da abin da za a iya faɗa a kan mutum ɗaya. Gaskiya ne an fi yin murmushi a biki fiye da a zaman makoki. Amma mai talla ba wannan yake son sani ba. So yake ya san ko wannan matar da ke tsaye gaban kanta a wannan daƙiƙa tana son atamfar nan, kuma har nawa za ta iya biya. Binciken Cowen bai amsa wannan ba, kuma a iya fahimtata bai yi da'awar amsawa ba. Masu sayar da na'urar ne suke tsallake tazarar.

Fuska a Wurin Ciniki

Akwai wani dalili da nake ganin masu muhawarar ba su ba shi haƙƙinsa ba, kuma duk wanda ya taɓa ciniki a Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi ya san shi. A wurin ciniki fuska makami ce. Mai saye da haja ta kwanta masa a rai shi ne ya fi kushe ta: ya juya ta, ya taɓe baki, ya taya da rabin kuɗi, in an ce masa albarka ya yi kamar zai tafi. Ɗan kasuwa ya san wannan sarai, shi ya sa yake lura da wasu abubuwan, kamar ko mutumin ya ajiye hajar ko tana hannunsa har yanzu, ko ya dawo karo na biyu, ko wanda ya rako shi ya ce wani abu. Na'urar da ke karanta taɓe baki a matsayin ƙyama za ta rubuta akasin abin da ke faruwa.

Haka nan ta ɗaya gefen. Kirk-Greene (1974) ya lissafa kunya da haƙuri da ladabi cikin siffofin mutumin kirki a wurin Hausawa, kuma dukkansu tarbiyya ce ta riƙe fuska. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, wato fara'a haƙƙin baƙo ce ko an ji daɗin zuwansa ko ba a ji ba. Harshen da ya ware kalmar yaƙe daban da murmushi ya daɗe da sanin cewa haƙora kan bayyana alhali zuciya na ƙuna. Mai saye da ya yi wa mai shago kara, ya yi murmushi ya ce bari ya zaga ya dawo, sau da yawa ban kwana ya yi.

Murya da rubutu ma ba su tsira ba. Hausa harshe ne mai karin sauti, inda hawa da saukar murya ke bambanta ma'anar kalma, don haka akwai dalilin yin shakka a kan manhajar da ta koyi fassara tashin murya daga harshen da ba haka yake ba. A rubutu an sami ci gaba na gaske, musamman taskar NaijaSenti (Muhammad da wasu, 2022), wadda ta tattara saƙonnin Twitter kusan 30,000 a kowane ɗaya daga harsunan Hausa da Ibo da Yarbanci da Fijin. Sai dai rabon da aka yi a can na yabo ne da suka da tsaka-tsaki, kuma gatse da habaici suna juya ma'anar jimla ba tare da sun canza kalma ko ɗaya ba.

Iyakar Abin da Hujja Ta Bayar

A nan ya wajaba in taƙaita da'awata. Ban ce na'urar ba ta da amfani ko kaɗan ba. McDuff da abokansa (2015) sun nazarci martanin fuska fiye da 12,000 ga tallace-tallace 170, daga mutanen da suka amince a ɗauke su ta kyamarar kwamfutarsu. Sun nuna ana iya hasashen ko talla ta burge masu kallo, hasashen niyyar saye kuwa bai kai wannan ƙarfi ba. In kamfani ya shirya talla mai ban dariya yana son sanin a wace daƙiƙa aka yi dariya, wannan tambaya ce da kyamara za ta iya amsawa, domin dariyar ce abin nema, jama'a ake aunawa a dunƙule, kuma da yardarsu. Abin da hujja ba ta kai gare shi ba shi ne karanta zuciyar mutum guda, a shago ko a waya, ba da saninsa ba, a kuma gina farashi ko tayi a kan wannan karatu.

A ɗauka ma wata rana na'urar ta ƙware har ta iya. To matsalar ta sauya kama ne kawai. A 2014 aka wallafa gwajin da Facebook ya yi a kan mutum 689,003, inda aka sauya abin da suke gani na tsawon mako guda don a ga ko yanayin rubutunsu zai canza, ba tare da an sanar da su ba. Tasirin ƙarami ne, amma ya nuna cewa mai iya auna motsin rai yana kusa da iya juya shi. Riƙe fuska ita ce garkuwar mai saye a gaban wanda ya fi shi sanin haja. Fiƙihun ciniki da ake karantarwa a zaurukanmu ya hana tarbar fatake a hanya kafin su iso kasuwa su san farashi, kuma daga cikin hikimomin hanin akwai kare wanda aka fi shi labari. Na'urar da ke gano lokacin da mutum ya gaji ko yake cikin damuwa, don a miƙa masa tayin bashi a daidai wannan lokaci, a ganina ta faɗa ƙarƙashin wannan illa.

Kammalawa

Alamu sun nuna masu fasahar kansu sun fara ja da baya. A 2022 Microsoft ya sanar da janye aikin gano motsin rai daga manhajarsa ta tantance fuska, yana mai nuni da rashin ittifaƙin masana. A shekarar ce kuma hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta gargaɗi kamfanoni a kan wannan fasaha. Dokar Tarayyar Turai ta 2024 a kan ƙirƙirarriyar basira ta haramta ta a wuraren aiki da makarantu, in ban da dalilin lafiya ko kariya daga haɗari, amma ba ta haramta ta a talla ba, sai dai ta wajabta a sanar da wanda ake aunawa. A Nijeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya bayanan siffar jiki cikin waɗanda ke buƙatar kulawa ta musamman, kuma wannan ƙofa ce da hukumar kare bayanai da majalisar kula da tallace-tallace za su iya bi tun kafin kyamarorin su cika shagunanmu.

Matsayata ita ce na'urar tana auna motsin fuska, kuma da wannan suna ya kamata a sayar da ita. A yi amfani da ita wajen gwada talla a kan jama'ar da suka amince, a hana amfani da ita a kan mai saye ɗaya da bai sani ba. Kirana ga masana harshe da halayyar ɗan Adam a jami'o'inmu shi ne su gudanar da irin binciken da aka yi a kan Himba a tsakanin Hausawa, a kasuwa da cikin gida, domin wanda zai yi hukunci a kan fuskar Bahaushe ya kamata ya fara jin yadda Bahaushe ke karanta ta.