Shergar: Dokin Da Aka Sace

A tarihin tseren dawaki na Turai, da wuya a sami dokin da labarinsa ya kai na Shergar ban tausayi. An haife shi a shekarar 1978 a gundumar Kildare ta ƙasar Ailan, a gonar Aga Khan na huɗu, shugaban mabiya Isma'iliyya. Jan doki ne mai farin goshi da fararen ƙafafu huɗu. Da ya tasa sai aka kai shi garin Newmarket na Ingila, inda Michael Stoute ya horar da shi.

Shekarar 1981 ita ce tasa. A tseren Dabi na Epsom, mai nisan mil ɗaya da rabi, wani matashi ɗan shekara 19 mai suna Walter Swinburn ne ya hau shi, ya ba wanda ke bi masa ratar tsawon doki 10, ratar da ba a taɓa gani ba tun da aka fara wannan tsere a 1780. Daga nan ya lashe Dabin Ailan, Lester Piggott na bisansa, ya kuma lashe tseren Sarki George a Ascot. Amma a Doncaster na huɗu ya zo, kuma daga ranar bai sake tsere ba. Sau 8 ya fita fili, ya ci 6.

A nan ne ya kamata mai karatu ya lura. A wajen Turawa, darajar ingarma irin wannan ba ta ƙarewa da sukuwa. Dukiyar tana cikin zuriyarsa. Don haka aka yi masa kuɗi fam miliyan 10, aka kasa shi kashi 40, kowane kashi fam 250,000. Aga Khan ya riƙe 6, ya sayar da sauran, aka ajiye dokin a gonar Ballymany domin barbara.

A daren 8 ga Fabrairu, 1983, wasu mutane ɗauke da bindigogi suka shiga gidan mai kula da shi, suka tilasta masa ya ɗora dokin a mota, suka tafi da shi. Daga baya suka nemi fansar fam miliyan 2. A ganina ɓarayin ba su san sana'ar ba ko kaɗan. Sun ɗauka attajiri ɗaya ne mai dokin, alhali masu shi sun haura 30, kuma suna tsoron in suka biya, kowane doki mai tsada ya zama abin farauta. Sayar da shi ma ba zai yiwu ba, domin kowa ya san goshinsa, kuma ɗan da ba shi da takardar asali ba ya shiga tsere. Bayan kwana 4 magana ta yanke.

Wani tsohon ɗan ƙungiyar IRA, Sean O'Callaghan, ya bayyana cewa ƙungiyar ce ta sace shi don neman kuɗin makamai, kuma da dokin ya firgita ya gagare su sai suka harbe shi. Ƙungiyar ba ta taɓa amsa laifin ba, ba a gurfanar da kowa a kotu ba, gawarsa ma ba a gani ba. Swinburn ya rasu a 2016, Aga Khan kuma a 2025. Tun 1999 ake gudanar da wata gasa da ake kira Kofin Shergar, wadda ake yi a Ascot.