Tambarin Riga Kafin Zuwan Tishat

Ƙanenmu da ke karatu a Madina ya rubuto cewa zai fara buga zane a tishat, amma yana tsoron ba mai saye sai ya kwaikwayi tambarin Nike. To, ga ɗan tarihi.

Da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cinikin tufafin da ake saƙawa ake rinawa a can da wuri miliyan 300 a shekara. Kayan na kaiwa Ghat, Murzuk, Tarabulus da Tambutu. Babu takarda a wuyan riga, sunan gari ne shaida. Buzu idan ya ce ɗan Kura, ya san baƙin da yake nufi, da ƙyallin da mabuga suka fitar da dukan itace. Kura fa, nan kudu da Kano!

Zanen ƙirji kuwa, aska takwas ya ishe mu misali. Malami ne ke zana shi a kan aljihun babbar riga, maɗinka su bi da zaren tsamiya, aikin watanni. Sarakunan daular Sakkwato kan yi kyauta da irinta, kuma tun daga nesa ake gane matsayin mai ita. A ganina nan ne darajar take, domin zanen namu ne.

Saboda haka malam, alhazan Najeriya da Nijar na wucewa ta gabanka kowace shekara. Fara da guda hamsin masu aska, ka sa sunanka a wuya.

A gaida su Hajiya. Wassalam.