Wankan Jego da Zuciyar Uwa: Shekara Hamsin na Bincike Daga Zariya Zuwa Kano

Mazauna Daurawa da Gyadi-Gyadi da Tarauni sun san Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a matsayin maƙwabci, wurin da ake garzayawa idan ciwo ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa wannan asibiti, wanda aka kafa a 1988, yana cikin wuraren da likitocin zuciya na duniya ke ambato idan ana maganar wata cuta guda: gazawar zuciya da ke kama mace a ƙarshen goyon ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Ƙasar Hausa na cikin yankunan da cutar ta fi yawa a duniya, kuma an shafe fiye da shekara hamsin ana neman dalili.

Cutar tana da wuyar ganewa domin tana shigowa ne da kamannin gajiyar jego. Mace za ta fara haki idan ta ɗan yi tafiya, ƙafafunta su kumbura, tari ya dame ta da dare, ta kasa kwanciya sai a jingine. Abin da ke faruwa a ciki shi ne naman zuciya ya yi rauni, ɗakin hagu da ke tura jini zuwa jiki ya buɗe, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Likitoci a Amurka sun yi bayaninta a 1937, sannan a 1971 John Demakis da abokan aikinsa a Chicago suka tsara sharuɗɗan gane ta. A can, cuta ce da likita kan daɗe bai gamu da ita ba.

A Zariya lamarin ya sha bamban. Lokacin da Eldryd Parry ya zama farfesan likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello a 1969, ya tarar masu jego da zuciyarsu ta gaza suna cika gadajen asibiti. Shi da Neil Davidson suka bi diddigin mata 224, kusan dukkansu Hausawa, suka wallafa cikakken sakamakon a 1978. An ƙiyasta cewa cutar na kama kusan mace ɗaya a cikin kowace haihuwa ɗari. Sun kuma lura cewa masu ciwon sun fi yawa a lokacin zafi da farkon damina.

Hankalinsu ya koma kan al'adun jego guda uku: wankan tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma har kwana arba'in ko fiye, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa. Hujjarsu tana da ma'ana. Kanwa cike take da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri, mai sa jiki ya riƙe ruwa. Zafi kuma yana buɗe hanyoyin jini na fata, ya tilasta wa zuciya ƙarin aiki. A 1979 John Sanderson da abokan aikinsa a Zariya suka duba wasu daga cikin irin waɗannan mata da na'urar eko mai nuna motsin zuciya, suka ga cewa a wasunsu zuciyar tana bugawa da ƙarfinta, lodi ne kawai ya yi mata yawa. Da yawa sun samu sauƙi cikin hanzari da magungunan fitar da ruwa. Wannan bayani ya shiga littattafan likitanci, har ya zama duk inda aka ambaci cutar sai an ambaci Bahaushiya da kununta.

Sai dai bayanin ya bar tambaya a buɗe. Mata marasa adadi sun yi wankan jego sun sha kunun kanwa lafiya lau. Me ya sa wasu ƙalilan ne zuciyarsu ke gazawa? Gadon wuta ya ja baya a birane, amma cutar ba ta ja baya ba. A 2007 Simeon Isezuo da abokin aikinsa suka ba da rahoto daga Sakkwato cewa tana kama mace ɗaya a cikin haihuwa 102, adadi kusan daidai da na Zariya shekara talatin baya.

Wata amsar ta ɓullo daga Nijar. A 1992 likitan Faransa Arnaud Cénac da abokan aikinsa a Yamai suka gano cewa masu wannan ciwo suna da ƙarancin seleniyam a jininsu. Seleniyam sinadari ne da jiki ke buƙata ɗan kaɗan don kare naman zuciya, kuma yana zuwa ne daga abinci gwargwadon abin da ke cikin ƙasar noma. Tun 1935 aka san wani ciwon zuciya a gundumar Keshan ta ƙasar Sin, wanda daga baya aka danganta shi da ƙarancinsa.

A nan ne Kano ta karɓi aikin. Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano ya wallafa a 2015 cewa kusan kashi 77 cikin ɗari na marasa lafiyar da aka auna suna da matsanancin ƙarancin seleniyam, yayin da a masu jego lafiyayyu adadin bai wuce kashi 22 ba. Daga nan ya jagoranci rajistar ƙasa mai suna PEACE, wadda ta tattara bayanan mata 406 daga asibitoci 22. Sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna cewa Arewa maso Yamma ce kan gaba, da mace ɗaya a cikin haihuwa 96. Abubuwan da suka fi alaƙa da cutar su ne rama, rashin ilimin boko, rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. Ba a samu alaƙa mai ƙarfi da wankan jego ko kunun kanwa ba. A cikin waɗanda aka ci gaba da bibiya, kusan ɗaya cikin biyar ta rasu kafin shekara ɗaya da rabi, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne zuciyarsu ta koma daidai. Wani ƙaramin gwaji na ba da seleniyam ya nuna raguwar alamomin ciwon, amma girmansa bai kai a mai da shi ƙa'idar magani ba.

Wannan ba ya nufin masu binciken Zariya sun yi kuskure gaba ɗaya. Kanwa mai yawa da zafi mai tsanani haɗari ne ga zuciyar da ta riga ta yi rauni, kuma likitoci suna hana su ga mai wannan ciwo. Abin da ya sauya shi ne wurin da nauyin zargi ya sauka. Da a ce al'ada ce kaɗai mai laifi, wa'azi ga kakanni da ungozomomi ya wadatar. Tunda kuwa yunwa da talauci da rashin awon ciki suna ciki, maganar ta koma ta abinci, da karatun 'ya mace, da na'urar awon jini a asibitin unguwa.

Bincike bai tsaya ba. A Jamus, a 2007, Denise Hilfiker-Kleiner ta nuna yadda wani ɓangare na sinadarin da ke kawo ruwan nono yake lalata ƙananan hanyoyin jinin zuciya, abin da ya buɗe ƙofar gwada maganin da ke tsayar da shi. Amma tsayar da nono a gidan da ba a iya sayen madarar gwangwani wata matsala ce ta daban.

Darasi mafi kusa da gida shi ne na lokaci. Magungunan gazawar zuciya suna nan kuma suna aiki, musamman idan an fara su da wuri. Mai jegon da ke haki, ko ta kasa kwanciya a miƙe, ko kumburinta ya ƙi sauka, ba ta buƙatar a jira arba'in ta cika. Tana buƙatar likita ya duba zuciyarta a ranar, kuma ta nemi shawararsa kafin ta sake ɗaukar wani ciki.