Amanar Jini a Garin da Wuta ba ta Tabbata: Darasin Asibitin Zana ga Rumbunan Ajiyar Samfura a Kano

Tsakure

Maƙalar ta nazarci ajiyar samfuran jikin ɗan Adam a Kano ta fuskar amana da kuɗi, ta hanyar bibiyar shari'ar Trovan da dokokin Najeriya. Matsayarta ita ce rumbun da ya fi ƙarfin aljihun gari ba ya zama a garin, kuma samfurin da ya bar gari yakan tafi da hujjar masu shi.

Tushen Matsalar

A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin IDH da ke Fagge, wanda Kanawa ke kira Asibitin Zana. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu. A 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75.

Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne yadda aka tantance masu haƙƙi. Waɗanda suka fito neman diyya sun ninka adadin yaran fiye da sau biyu, sai aka koma ga gwajin ƙwayoyin halitta, ana gwama na iyalai da samfuran da aka ɗiba a 1996. Samfuran nan kuwa suna hannun kamfanin da ake ƙara. Wasu iyalai sun ƙi gwajin, kuma da wuya a ga laifinsu. Sai a Agustan 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu.

Doka ta biyo bayan gwajin na 1996. Ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na 2007 sun wajabta yarjejeniya a rubuce kafin a fitar da samfuri waje, sannan ga dokar kare bayanai ta 2023. Sai dai doka ba ta kunna firiza.

Batun Kuɗi

Ruwan jini da ƙwayoyin cuta suna buƙatar sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. A Afrilun 2024 kuɗin wutar kwastomomin rukunin A ya tashi zuwa naira 225 kowane yunit, ga dizal na janareta. Narkewa da sake daskarewa na lalata samfuri, ko da ido bai gani ba.

Saboda haka nazarin ya fifita ɗigon jini busasshe a kan takarda, dabarar da Robert Guthrie ya yaɗa tun shekarun 1960. Iskar hunturu ma taimaka mata take yi. Laimar damina ce abin tsoro, ita ma ƙunshin sinadari mai tsotse danshi a cikin leda ya isar mata. Ƙananan ɗakunan gwaji na Sabon Gari za su iya wannan, su bar daskarewa ga rumbu ɗaya na haɗin gwiwa, irin wanda shirin H3Africa ya kafa a cibiyar IHVN ta Abuja. Takardar izini kuma a karanta wa uwa ita da Hausa, a faɗa mata inda jinin ɗanta zai kwana, da ranar da za ta iya cewa a zubar.