Akwatin wifi ya daina ba da intanet: abin da za a duba kafin a nemi mai gyara

A Kore Mairuwa da ƙauyukan kewaye, yawancin akwatunan wifi da sim suke aiki, ko na Airtel, ko Moov Africa, ko Zamani Telecom, ko Niger Telecom. Abu guda muke so a riƙe: wifi daban, intanet daban. Wifi tana haɗa salula da akwati ne kawai, intanet kuwa daga eriyar kamfani take zuwa. Shi ya sa za ka ga alamar wifi cike, amma saƙon WhatsApp ya ƙi tafiya.

Ga yadda muke ba da shawara a bi, daki-daki:

1. Forfe. A fara duba ko mega sun ƙare ko kwanakin sun cika. Salula guda mai kallon bidiyo tana iya cinye na gida duka.

2. Wuta. Bayan ɗaukewar wutar NIGELEC, ko in batirin sola ya yi sanyi, akwati kan kama amma ya kasa jawo reso. A cire shi daga wuta, a jira minti guda, a mayar.

3. Sim. A kashe akwatin, a fitar da sim, a goge ƙura, a gwada shi cikin salula. In can ma bai yi ba, to ba laifin akwati ba ne.

4. Wuri. A ajiye shi sama, kusa da taga, ba a rana ba. Zafin Afrilu da Mayu yana sa shi tsayawa.

5. Maƙwabta. In kowa na kuka, matsalar daga kamfani take, ko ma daga nesa. Ranar 14 ga Maris 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun katse a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga wahala. A irin wannan, sai haƙuri.

Don Allah kar a yi saurin danna ɗan ramin nan na baya mai suna Reset. Yana goge suna da lambar sirrin da aka sa, wani lokaci har da saitin kamfani. In ya zama dole, a fara kwafe abin da ke rubuce a takardar ƙasan akwatin.

Da damina kuma, in hadari ya taso da walƙiya, a cire akwati daga wuta. Jiran awa guda ya fi sayen sabo.