Kwatar da na tsinta a ɗakin wanki na Largo

Ranar wata Asabar ina ɗakin wanki a Largo, ina zura kwata-kwata a inji, sai ɗaya ta faɗi ƙasa. Da na ɗauka na juya bayanta, sai na ga ƙubba da ganyen itace, da rubutun "The Old Line State". Shekara uku ina zaune a Maryland, wallahi ban taɓa duba ta ba.

Wannan sulalla ta santi 25 ta fito ne a shekarar 2000. Ita ce ta bakwai a jerin kwatar jihohi 50, domin Maryland ce jiha ta bakwai da ta amince da tsarin mulkin Amurka, ranar 28 ga Afrilu 1788.

Ƙubbar ta majalisar jiha ce da ke Annapolis, wadda aka fara ginawa a 1772. Abin da ya burge ni, ni da na karanta injiniyanci, shi ne katako ce, kuma ba ƙusa aka sa ba, da turakun itace da ɗaurin ƙarfe aka haɗa ta. A cikin ginin ne George Washington ya ajiye muƙamin shugaban sojoji ranar 23 ga Disamba 1783, ya koma gida abinsa. Mu da muka taso da labarin juyin mulki tun daga 1966, ai mun san nauyin wannan.

Ganyen kuma na farin oak ne, itacen jihar tun 1941. Kirarin "Old Line" na sahun sojojin Maryland ne na yaƙin neman 'yanci, waɗanda suka tsaya a yaƙin Long Island a Agustan 1776 har sauran rundunar ta samu janyewa.

To amma akwai abin da kwatar ba ta nuna ba. Gundumar Prince George's, inda Largo take, gonakin taba ce da bayi baƙaƙen fata suka noma, kuma sai 1 ga Nuwamba 1864 aka soke bauta a Maryland. Sai a 2020 aka kafa mutum-mutumin Harriet Tubman da na Frederick Douglass a cikin wannan majalisa.

Nan take na tuna kwabo 25 namu na 1973, mai hoton dalar gyada ta Kano. Dalar ta ɓace, kuɗin ma ya daina sayen komai. Ƙannenmu da yawa ba su taɓa riƙe shi ba, balle su tambayi su wa suka yi dakon buhunan.

'Yan'uwa ɗalibai, idan kun je gida hutu, ku tambayi Baba ko Kaka ko akwai tsohon kwabo a gwangwani, ku zauna su ba ku labarinsa tun suna nan. Tawa kwatar dai ban sa ta a inji ba. Tana kan teburina, ina jiran in samo mata kwabon gyada.