Daga Tukunyar Giya Zuwa Bututun Barasa: Darasin Tarihi Ga Masu Hidima A Tambuwal Da Kebbe

Hausawa suna cewa waiwaye adon tafiya. Duk mai bishara ko faston da aka aika aiki a kudancin Jihar Sakkwato zai gamu da maganar sha, ko a zaman dattawan ikkilisiya, ko a gidan mai bi, ko a bakin maƙwabcinsa Musulmi. Yawancinmu muna haɗa kome a kalma ɗaya, mu ce giya. Amma tarihi ya nuna mana abubuwa biyu ne, giyar hatsi wadda ta daɗe a ƙasar nan, da barasar da ake dafawa a tattara tururinta, wadda baƙuwa ce. In ba mu rarrabe su ba, za mu kasa gane abin da ke cin jama'armu.

Ƙasar da muke magana a kai

Tambuwal tana kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega. Garin ya yi suna a zamanin Daular Usmaniyya, domin nan ne mazaunin Muhammadu Buhari, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sarautar garin kuma ta zauna a gidansa. Kebbe tana ƙarshen jihar ta kudu, tana iyaka da Jihar Kebbi da ƙasar Gummi ta Jihar Zamfara. Kada ɗalibi ya rikita Kebbe da Kebbi. Har zuwa 1991 duk waɗannan wurare Jihar Sakkwato ɗaya ce. A shekarar aka cire Kebbi, a 1996 kuma aka cire Zamfara.

Idan muka ƙara nausawa kudu za mu shiga ƙasar Zuru da Yawuri, wurin Dakarkari da Dukawa da Kambari. Wannan kusanci yana da muhimmanci a gare mu. Gari irin Tambuwal ya tashi a kan koyarwar da ta haramta abin maye, amma 'yan kwanaki kaɗan a ƙafa sai ga al'ummai da giyar dawa take cikin nomansu da aurensu da bukukuwansu. Da yawa cikin masu bin da ke zaune a yankin yau daga irin waɗannan al'ummai suka fito, ko kuwa daga kudancin Nijeriya, aiki ko ciniki ya kawo su.

Giyar hatsi

Tun kafin zuwan Turawa ana dafa giya a ƙasar Hausa da kewayenta. Ana jiƙa dawa ko gero har ya yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar shi ya yi tsami. Burukutu da fito ke nan. Aikin mata ne, ƙarfinta kuma bai cika wuce kashi 3 zuwa 6 cikin 100 ba. Ba ta jimawa, cikin kwana ɗaya ko biyu ta lalace. Saboda haka ba a iya ɗaukarta zuwa nesa, ba a kuma iya ɓoye ta. A fili ake shanta, a ƙwarya, cikin taro: ranar gayya, ranar biki, ranar makoki, ko wurin tsafi. Maguzawa ma haka suka riƙe ta.

Wannan ba ya nufin ba ta ɓarna. Rumbu yakan ƙare kafin damina saboda an kai dawa tukunya, faɗa kuma yakan tashi a mashaya. Sai dai tana da iyaka guda biyu, wato ƙarancin ƙarfi da idon jama'a.

Jihadin 1804 ya sauya matsayinta a ƙasar Sakkwato. Cikin abubuwan da Shehu ya zargi sarakunan Haɓe da su a littafinsa Kitabul Farƙ akwai ci da shan abin da shari'a ta hana. A mazhabar Malikiyya haddin Musulmin da ya sha giya bulala 80 ne. Daga nan giya ta zama alamar da ke raba Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Duk da haka ba ta ɓace ba. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ya rubuta yadda ya ga ana shan giya da bammi a ƙasar Nufe a tafiyarsa ta biyu.

Yadda barasa ta shigo

Dabarar dafa ruwa a tattara tururinsa tsohuwa ce. Masana na ƙasashen Musulmi, irin su Al-Kindi da Ar-Razi, sun yi aiki da ita wajen haɗa turare da magani, daga baya Turawa suka mai da ita hanyar yin abin sha. Tushen abin shi ne, sinadarin maye yana tafasa a ma'aunin zafi 78, ruwa kuwa sai ya kai 100. In an dafa giya ko bammi, tururin da ya fara tashi ya fi ɗauke da maye. In ya bi ta bututu ya huce, sai ya ɗiga ya zama barasa mai ƙarfin kashi 40 ko fiye, wadda za ta shekara a kwalba ba ta lalace ba.

Ta teku ta fara zuwa mana. A zamanin cinikin bayi, da zamanin cinikin manja bayansa, jiragen Turai sun riƙa sauke barasa a gaɓar kudu, mafi yawanta a ƙarshe daga Holan da Jamus. A wasu kasuwannin kudu kwalbarta har ta zama kamar kuɗi. Harajinta kuma ya zama babban abin da gwamnatin mulkin mallaka ta Kudu take dogara da shi.

Arewa aka bi da ita dabam. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta ce a hana shigar da barasa da dafa ta a yankunan Afirka da ba ta riga ta bazu ba. Kamfanin Royal Niger, da Lugard bayansa, suka sa Arewa cikin wannan rukuni. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris 1903, hanin ya dace da ra'ayin sarakuna, ya kuma dace da alkawarin da Lugard ya yi na barin addinin mutane yadda yake. Dokar barasa ta 1917 ta raba Nijeriya zuwa wuraren da aka hana, da wuraren da aka ƙayyade, da wuraren da ake sayarwa da lasisi. Lardin Sakkwato yana cikin wuraren da aka hana. Yarjejeniyar Saint-Germain ta 1919 ta ƙara da haramta mallakar tukunyar dafa barasa ita kanta.

Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya isa Ƙaura Namoda ta Gusau a 1929. Tare da shi aka sami Sabon Gari da bariki, inda aka yarda Turawa da wasu baƙi su sha da izini. Kwalbar da ta shiga Sabon Gari kuwa ba ta rasa hanyar fita.

Shekarun 1930

A farkon shekarun 1930 tattalin arzikin duniya ya karye. Farashin amfanin gona ya faɗi, gwamnati kuma ta ƙara wa barasar waje haraji, har ta fi ƙarfin talaka. A lokacin ne dafa barasa a gida ya bazu a kudancin Nijeriya kamar wutar daji. Takardun gwamnati sun ambaci wani mutumin Kalaba mai suna James Iso, wanda ya zauna a Amurka, ya dawo yana koya wa mutane dabarar suna biyansa. Abin lura ne cewa Amurka ita ma tana ƙarƙashin dokar hana barasa daga 1920 zuwa 1933, mutanenta kuma suna dafawa a ɓoye. Da garwa da guntun bututu da bammi, mutum ya kafa sana'a a cikin fadama. Ogogoro ke nan, wadda ake kuma kira kaikai. A Gana ana ce mata akpeteshie, ba a kuma halatta ta can ba sai 1962. Gwamnati ta kama mutane da yawa, ta ci su tara, ta ɗaure wasu, amma ba ta kashe sana'ar ba.

Wannan tukunya ba sana'ar gado ba ce a Tambuwal ko Kebbe. Kayan aikinta, wato bammi mai yawa, a kurmi yake. Abin da ya iso Arewa shi ne abin da ke fitowa daga cikinta, da a kwalba, yanzu a jarka da ƙaramar leda. Ta haka iyakoki biyun da muka ambata suka rushe. Abin sha ya ninka ƙarfi wajen sau goma, ya kuma shiga aljihu inda ido ba ya gani.

Matsayin ikkilisiya

Ikkilisiya ba ta yi shiru a wannan tarihi ba. Bishop Herbert Tugwell na CMS, wanda ya jagoranci tafiyar bishara zuwa Kano a 1900 tare da Dokta Walter Miller, ya yi yaƙi da cinikin barasa har aka kai shi ƙara a Legas a 1899. Bishop James Johnson shi ma ya tsaya a kan haka. Matsin da masu bi suka yi yana cikin dalilan da suka sa aka kafa kwamitin bincike a kan cinikin a 1909.

'Yan mishan ɗin da suka yi aiki kusa da mu, wato SIM da ta karɓi aikin kutare a Amanawa a ƙarshen shekarun 1930, da UMS da ta shiga ƙasar Kambari da Zuru a shekarun 1920, sun fito ne daga ikkilisiyoyin Kanada da Amurka da Ingila waɗanda suka ga ɓarnar barasa a ƙasashensu, suka ɗauki ƙa'idar ƙaurace mata ɗungum. Shi ya sa barin sha da barin dafawa suka zama sharaɗin baftisma a wurare da yawa. Ƙa'idar ta kuma taimaki sabon tuba ya rabu da tsafi, tun da giya tana cikin hadayu.

A nan dole mai koyarwa ya faɗi gaskiya. Ruwan inabi da abin sha mai ƙarfi da Littafi Mai Tsarki ya ambata duk na tsami ne, domin barasar bututu ba ta zama abin sha ba sai bayan ƙarnuka da yawa. Littafin bai ɓoye cewa an sha ruwan inabi a bikin Kana ba, ko cewa Bulus ya shawarci Timoti ya sha kaɗan saboda cikinsa. Amma ya tsauta wa buguwa a fili a Karin Magana 23 da Afisawa 5:18, ya hana shugaban ikkilisiya zama mashayi a 1 Timoti 3, ya yi kashedi ga mai shayar da maƙwabcinsa a Habakuk 2:15, a Romawa 14 kuma ya koya mana mu bar abin da zai sa ɗan'uwa tuntuɓe. Ƙa'idarmu tana da tushe mai ƙarfi a nan. Ba ma bukatar mu sa wa aya abin da ba ta faɗa ba. Matashin da ya gane an lanƙwasa masa aya guda zai yi shakkar sauran.

Daga 1960 zuwa yau

Kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha giya a sashe na 403. A ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, Sakkwato da Kebbi kuma suka bi a 2000. Aka rufe mashaya da yawa, ciniki ya koma bariki da bayan gida.

Haɗarin abin da ake sayarwa a ɓoye shi ne ba wanda ya san abin da ke ciki. Akwai wani sinadari mai suna metanol, ɗan'uwan na maye ne a kama da wari, amma guba ne. Cokali biyu zai iya makantar da mutum, abin da ya fi haka ya kashe shi. Masu neman riba sukan zuba shi don ƙara ƙarfi. A watan Afrilu 2015 aƙalla mutum 18 suka mutu a Ode-Irele ta Jihar Ondo, a watan Yuni na shekarar kuma kimanin 70 suka mutu a Jihar Ribas. Ƙarfen da aka yi bututu da shi ma yana iya sakin dalma cikin abin sha.

Mu kuma lura, ƙishirwar maye takan sauya kwano. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 suna shan ƙwaya a Nijeriya. A shekarar ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Yaron da bai taɓa kusantar burukutu ba yana iya zama bawan tiramadol.

Abin da ya rage gare mu

Na farko, doka tana da amfani, amma daga 1890 zuwa yau ba ta taɓa warkar da mashayi ba. Horon ikkilisiya ma haka yake in ya tsaya a sanarwa. In an dakatar da mutum daga Jibin Ubangiji, sai a sa dattijo ya riƙa ziyartarsa, gama manufar horo ita ce maidowa, kamar yadda Galatiyawa 6:1 ta koyar.

Na biyu, mu tuna da mai dafawa da mai sayarwa. Sau da yawa gwauruwa ce mai 'ya'ya a makaranta. In muka ce ta bari, sai zumuntar mata da dattawa su tsaya mata da jari, ko na ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ko na kiwo, ko na kunun zaƙi.

Na uku, rigakafi ya fi magani, amma in abin ya riga ya faru, wanda ya sha ya fara amai, ko ciwon ciki, ko ganinsa ya dushe, a garzaya da shi asibiti nan take, a kuma faɗa wa likita abin da ya sha. Kunya kada ta sa a ɓoye shi a ɗaki.

Na huɗu, a gari irin Tambuwal ana auna bangaskiyarmu da halinmu. An daɗe ana haɗa sunan Kirista da kwalba. Gidan mai bi da aka san shi da natsuwa, da biyan bashi, da rumbun da ke kai iyali har kaka, shi ne amsar da maƙwabci zai karɓa.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya bambanta giyar hatsi da barasar bututu, a ƙarfi da kuma a zaman jama'a?
2. Wane nassi za ka kafa ƙa'idar ikkilisiyarka a kai in matashi ya tambaye ka game da bikin Kana?
3. Gwauruwa mai sayar da burukutu ta nemi baftisma. Wane mataki kai da dattawa za ku ɗauka, wa zai kuma ɗauki nauyin abincin 'ya'yanta?